Ajin zane da kurket na ranar Asabar a Samaru, abin da na gani bayan wata biyar

Salam 'yan uwa. Tunda na ɗora hoton tulun da yarona ya zana a status mutane suka dame ni da tambaya, a ina yake koyo, nawa ake biya, wai ko lesin ne na makarantarsu, to ba na makarantarsu ba ne, kuma gaskiya na gaji da amsa wa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa hukunci. Sunan malamin da lambarsa ba zan sa ba don ban nemi izininsa ba, kuma cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne.

Wani dattijo ne tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yana zaune can cikin Samaru, ya mayar da garejin gidansa aji, sannan akwai wani fili a gefen gidan da ba a gina ba shi ne filin wasansu. Duk Asabar daga takwas na safe zuwa sha biyu, awa biyu zane, sai a huta a sha ruwa, sai a fita kurket. Eh kurket fa, wasan nan na Indiyawa da muke gani a fim ana jefa ƙwallo ana tare ta da wani faffaɗan katako. Ni da maƙwabciyata ta fara ba ni labari dariya na yi na ce wane irin haɗi ne wannan, zane da kurket kamar an haɗa fura da manja, ta ce ke dai ki kai su ki gani. Abin da ya sa na yarda shi ne nawa biyun, namijin shekara 11 macen 9, Islamiyyarsu ta yamma ce, safiyar Asabar ba abin da suke yi sai rigima a kan wayata, in na ɓoye ta su koma kan rimot.

Daga Tudun Wada muke tafiya, sai mun hau mota zuwa Kwangila sannan mu canza ta Samaru, don haka ku lissafa kuɗin mota a ciki tun yanzu, wani watan ma ya fi kuɗin ajin yawa.

Ranar farko na same shi zaune bakin gareji yana fiƙe fensira da reza, ya jera su a faranti kamar mai sayar da tsire. Na durƙusa na gaishe shi, Baba ina kwana, ya ce lafiya lau 'yata, waɗannan ne almajiran nawa? Na ce su ne Baba, amma fa namijin ba ya zama wuri ɗaya. Ya ce ai shi nake nema, wanda ke zama wuri ɗaya me zai koya a wurina. Sai na kasa haƙuri na tambaye shi, Baba don Allah me ya haɗa zane da wannan wasa, sai ya ajiye rezar ya ce in jawo kujera. Kuskure na yi wallahi, don sai da na yi kusan minti arba'in ban tashi ba, ga cefane yana jirana.

Wai lokacin da yake sakandare malaminsu na zane wani Bature ne ɗan Sikotlan, dogo siriri, wanda rana ke mayar da shi ja kamar gauta ya nuna. Mutumin a makarantar koyon zane ta Gilasgo, wani birni a ƙasarsu, ya yi karatu, ya koyar a makarantun ƙasarsu wasu shekaru kafin ya zo nan, kuma can gida duk bazara in an yi hutu kulob ɗin garinsu yake buga wa kurket, mai jifa ne. Da safe yana aji da alli da gawayi, da yamma yana fili da farin wando. Baba ya ce su ɗalibai sun ɗauka mutum biyu ne a jiki ɗaya, sai daga baya suka gane abu ɗaya yake koya musu safe da yamma, wato kallo. A aji ya ce kar ka zana abin da ka sani, zana abin da idonka ya gani, a fili ya ce kar ka bugi inda kake zaton ƙwallo za ta zo, kalle ta tun daga hannun mai jifa har ta iso. Da kwantiraginsa ya ƙare ya koma gida ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya, suna musayar wasiƙa jefi-jefi, ƙarshe wasiƙa ta daina zuwa. Ya bar wa Baba wata tsohuwar sandar kurket, tana nan rataye a bangon garejin ta yi baƙi don tsufa, ba yaron da ya isa ya taɓa ta. Wannan labarin yarana sun ji shi ya fi sau goma, har macen tana kwaikwayon yadda yake faɗa.

Sai matsalar gida. Baban yara da ya ji kalmar zane nan take ya ɗaure fuska ya ce shi ba za a koya wa 'ya'yansa zana mutane da dabbobi ba, kun dai san maganar zanen abu mai rai. Ban yi gardama ba na ce ya je da kansa ya tambaya, ya kuwa je. Baba ya ce masa Alhaji kwantar da hankalinka, ni ma da iyakata, ga tulu ga ƙwarya ga bishiya ga gini ga zayyana, yaro zai shekara biyar bai gama da waɗannan ba. Kuma haka ne, wata biyar ɗin nan ban ga an zana ko kaza ba. Na faɗi wannan ne don na san da yawa abin da ke ransu ke nan suna jin nauyin tambaya.

Yanzu ajin zanen kansa, wanda shi ne ya sa nake ci gaba da biyan kuɗin mota. Watan farko haushi na ji sosai ba zan ɓoye ba. Ni na zata yara za su riƙa dawowa da hotuna masu kala-kala in manna a bango, sai ga su da takardu cike da layuka kawai, miƙaƙƙen layi, da'ira, da'ira, da'ira, sati biyu cur. Sati na uku aka ajiye musu tulu guda ɗaya a kan tebur kusa da taga, sati na huɗu tulun nan dai, na biyar tulun nan dai amma an juya shi. Na ce da maƙwabciyata anya dattijon nan ba cinye mana kuɗi yake ba. Kuma ba ya yarda da abin gogewa, duk wanda ya zo da kilina sai ya karɓe ya jefa a gwangwani sai an tashi, wai in ka yi layi ba daidai ba ka ja na daidai a gefensa ka bar na farkon ya zame maka shaida. Yarona har kuka ya yi ranar farko a kan wannan dokar.

Amma wata rana ina tankaɗe a tsakar gida yaron ya tsaya yana kallon randarmu ya ce Umma kin san inuwar randa ba baƙa ba ce duka, can ƙasan gefen da ke duhu akwai ɗan haske da ke dawowa daga siminti. Na kalla, wallahi haka ne, randar nan ta shekara goma sha a wurin ban taɓa lura ba. Yaron da in ka aike shi ɗaki ya ɗauko abu yana gabansa zai dawo ya ce bai gani ba. Daga nan na daina ƙorafin tulu. Ya koya musu auna abu da fensir, ka miƙe hannu ka rufe ido ɗaya ka ga faɗin tulu sau nawa zai shiga tsayinsa, ya koya musu bambancin fensira, ashe haruffan nan da ke jiki ba ado ba ne, bakin fensir haɗin garafayit ne da yumɓu, in yumɓu ya yi yawa sai ya yi tauri ya yi fari-fari shi ne masu H, in ya yi kaɗan sai ya yi laushi ya yi baƙi shi ne masu B, HB da muke saya wa yara a kanti yana tsakiya. Su 2B suke fara zane da shi su yi inuwa da 6B. Fenti sai a wata na huɗu ya bari suka taɓa, shi ma kala uku kawai, ja da shuɗi da rawaya, sauran duk su haɗa da kansu, ranar da macen ta gano shuɗi da rawaya ke ba da kore ta shigo gida da ihu kamar ta ci gasar musabaƙa.

Abin da ya ƙara burge ni bai tsaya kan na Turawa ba duk da yawan labarin Baturensa. Ya sa su zana dagi da hannu ba rula, abin da ka ɗauka wasa ne sai ka gwada ka ga layin da ya kamata ya bi ta sama ya bi ta ƙasa. Wata Asabar ya kwashe su a mota haya zuwa cikin birni suka tsaya nesa da ƙofar fada suna kwafar adon jikin ginin da zankwaye, ya ba su labarin Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau da ƙasa tun ƙarni na 19, da bakan gizon da ke ɗauke da rufin, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu lokacin da wani sashensa ya rufta a 2023. Ya ce musu kar wanda ya ce muku zane baƙo ne a garin nan. Kuma a nan na ji abin da ni haifaffiyar Zariya ban sani ba, wai a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ce ba za su riƙa kwaikwayon Turawa ido rufe ba, za su ɗauki dabarar da aka koya musu su haɗa da na gargajiyarsu, har ake musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya, kuma duk sun zama manya a harkar a ƙasar nan. Mu muna wucewa ta gaban jami'ar kullum a mota ba mu san an yi haka ba.

To kurket. Ni har yau ban gama gane dokokinsa ba kar ku tambaye ni da yawa, amma ga iya abin da na kama daga zaman jira. Mutum 11 ne kowane ɓangare. Ana kafa turaku uku a kowane ƙarshen wani tsiri mai tsawon yadi 22, kusan mita 20 ke nan, a ɗora wasu 'yan itatuwa biyu a kansu. Mai jifa yana so ya kayar da turakun, mai bugu yana tsare su da sandarsa, in ya buga ƙwallo ta yi nisa sai shi da abokinsa su yi ta musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya, in ƙwallo ta gangara ta fita iyakar fili maki 4, in ta tashi sama ta tsallake ba ta taɓa ƙasa ba maki 6, in an cafe ta a sama ka fita. Jifa shida shi ne oba ɗaya sai wani ya karɓa. Kuma jifan ba irin na jifan mangwaro ba ne, ba a lanƙwasa gwiwar hannu a miƙe ta, hannu a miƙe yake zagayowa ta sama, wannan kaɗai sai da yarona ya yi wata guda yana fama. Ƙananan da ƙwallon tanis suke yi wadda aka naɗe da baƙin tef na masu gyaran wuta, manyan ne kawai ke taɓa ta ainihin, ja ce ta fata da ɗinki a tsakiya, nauyinta wajen giram 160, na ɗauka a hannu kamar dutse, na ce Baba wannan in ta samu yaro a kai fa, ya ce shi ya sa ba na ba su sai sun iya kallo.

Wani abu da ya nuna musu wanda ni ma ya tsaya min a rai, ya ɗauko sandar kurket da ɗan siririn gawayin da suke zane da shi ya ce su faɗi dangantakarsu, kowa ya yi shiru, ashe itace ɗaya ne, wilo ake ce masa, da shi ake sassaƙa sandar saboda ba shi da nauyi kuma yana shan duka, rassansa kuma ake ƙonawa a rufe a samu gawayin zane. Sannan ya ɗauko kwalbar man linsid, man 'ya'yan wata shuka ce, shi ake shafa wa sandar don kar ta bushe ta tsage kuma shi ne man da ake kwaɓa fentin mai da shi. Ya ce Baturensa kwalba ɗaya yake ajiyewa don aikin biyu. Yara suka yi ta mamaki, ni ma na yi, sai na tuna furar da manjan da na faɗa na ji kunya ni kaɗai.

In ya fara labarin Sikotlan kuwa sai dai a yi haƙuri. Mutumin bai taɓa zuwa ƙasar ba amma ƙungiyarsu yake goyon baya kamar yadda samarinmu ke mutuwa a kan Arsenal. Daga bakinsa na ji cewa tun 1785 aka rubuta an buga kurket a can a wani gari Alloa, amma ƙwallon ƙafa ta danne shi, shekaru da yawa 'yan wasan ƙasar ba albashi suke ci da wasan ba, kowa da sana'arsa, malaman makaranta, ma'aikatan ofis, har da wani limamin coci James Aitchison da ya yi shekaru yana buga wa ƙasar, sai mutum ya nemi izini a wurin aiki ya je ya kara da ƙwararru ya dawo Litinin ya shiga aji. Wanda ya yi fice sosai sai ya tsallaka Ingila, kamar Mike Denness ɗan Sikotlan da har ya zama kyaftin ɗin Ingila a shekarun 1970. Sai a 1994 ma suka shiga hukumar kurket ta duniya da sunan kansu, suka je gasar cin kofin duniya a 1999. Labarin da ya fi so shi ne na ranar 10 ga Yuni 2018 a Edinbora, babban birninsu, da Sikotlan ta ci maki 371 ta doke Ingila da tazarar maki 6 kacal, alhali Ingila ce ta ɗaya a duniya a lokacin a irin wannan wasan na yini ɗaya, kuma ita ta ɗauki kofin duniya shekarar da ta biyo. Ɗan wasan Sikotlan Calum MacLeod shi kaɗai ya ci maki 140 ba a fitar da shi ba, wanda ya fitar da mutumin Ingila na ƙarshe kuma sunansa Safyaan Sharif, yarona ya ce Baba Malam wannan ai sunan 'yan unguwarmu ne, aka yi ta dariya. Amma duk sanda ya kawo wannan sai ya ƙara da cewa kwana biyar bayan nan gobara ta cinye tsohon ginin makarantar zane ta Gilasgo wanda Charles Rennie Mackintosh ya tsara, karo na biyu ke nan bayan ta 2014, ana dab da gama gyara. Sai ya yi shiru ya kalli sandar bango. Labari ne mai daɗi karon farko da na biyu, amma gaskiya yana cin lokacin yara, akwai Asabar ɗin da rabin awa ta wasa ta tafi a Edinbora.

Macen da farko ba ta son fita filin, su uku ne kawai mata cikin yara goma sha wani abu. Baba ya zaunar da su ya gaya musu 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke Niyuzilan da maki 2 a gasar duniya a Malesiya a Janairun 2025, mazan ma sun je tasu gasar a Afirka ta Kudu a 2020. Yanzu da hijabinta da dogon wando take tsayawa, kuma ta fi yayanta cafe ƙwallo, abin da ke ƙona masa rai ke nan.

Yanzu inda aka gaza, don kar a ce na zo talla. Na ɗaya lokaci, an ce takwas amma sau da yawa sai takwas da rabi ko tara saura ake farawa, tashi kuma ba tabbas, ran nan sai ɗaya saura na samu na kwashe su, ga rana ga yunwa ga Islamiyya na jira. Waya kuma ba ya ɗauka, ƙaramar waya ce yana barin ta a ɗaki, akwai ranar da muka biya kuɗin mota har Samaru muka tarar ya tafi jana'iza ba wanda ya sanar da mu, Allah ya jiƙan mamacin amma saƙo ɗaya ai ba zai gagara ba, na ba shi shawara ya sa jikansa ya buɗe mana guruf a WhatsApp har yau shiru. Filin ba inuwa ko ta bishiya ɗaya, ga tsakuwa ga ƙaya, lokacin zafin Maris da Afrilu ban san yadda za a yi ba. Banɗaki guda ɗaya ne na cikin gida, mata sai sun yi sallama sun shiga wurin iyalinsa, matarsa mutuniyar kirki ce ba ta taɓa ɓata fuska ba amma yarinya tana jin nauyi. Kayan kariya ma ba su isa ba, abin ɗaure ƙwauri saiti biyu ne duk sun tsufa, hular kwano ɗaya tak ake karɓa-karɓa, safar hannu ta yage a babban yatsa, ɗan wata baiwar Allah ƙwallo ta same shi a yatsa ya kumbura kwana uku, ba akwatin magani a wurin sai ruwan sanyi da sannu. Kuma shi kaɗai ne ba mataimaki, in yana gyara wa wannan riƙon sanda can baya wasu na kokawa.

Sai maganar sandar da na saya, wadda ita ce ta fi ɓata min rai. Yaron ya matsa shi ma yana son tasa, Baba ya ce akwai wani mai kawo kayan wasanni da zai samo mana, na tara kuɗi na bayar aka kawo, sabuwa fil tana ƙyalli. Ba a yi sati uku ba ta tsage daga ƙasa. Na kai masa raina a ɓace na ce Baba ga abin da aka sayar mana, ya juya ta ya duba ya ce 'yata an shafa mata mai kuwa, an daddoke ta? Na ce wane mai wane duka. Ashe sabuwar sanda ba a fita da ita fili haka nan, sai an shafa mata man linsid kaɗan-kaɗan a kwantar da ita ta sha, sannan a yi awanni ana bubbuga fuskarta da gefunanta da tsohuwar ƙwallo ko guduma ta katako har itacen ya danne, in ba haka ba ƙwallo mai tauri na samunta za ta buɗe, balle a hunturun Zariya da ko leɓen mutum tsagewa yake, mu kuma a bayan ƙofa muka jingine ta iska na kaɗa ta. Kuma ya ce irin ta itacen yankin Kashmir ce mai araha, ta fi ta Ingila nauyi da bushewa. Na ce to Baba ai da an gaya mana tun farko, wa ya san wannan a Tudun Wada. Ya yi shiru ya ce gaskiyarki, laifina ne na ɗauka na faɗa. Mai kayan dai ya ce ba ya karɓar abin da aka yi amfani da shi, rasit ma babu balle a yi magana. Baba ya karɓi sandar ya zuba mata gam ya ɗaure ta da zare ya naɗe da tef, bai karɓi ko sisi ba, tana aiki da ƙwallon tanis amma ta ainihi kam an haƙura. Don haka duk mai niyya kar ki yi gaggawar sayen sanda, ta wurin ta isa wata shidan farko, in kuma za ki saya ki tabbatar daidai tsayin yaron ce, tamu ma ta ɗan yi masa tsawo.

Kuɗi dubu biyar ne kowane yaro a wata lokacin da muka shiga, ya rage min dubu ɗaya saboda biyu ne, takarda da gawayi nasa ne, fensira da fenti naku. In an ce in ba da maki cikin biyar zane zan ba shi biyar ba ko tantama, kurket uku saboda kayan aiki da fili ba don koyarwar ba, tsari da kiyaye lokaci kuwa biyu ma don girman furfura ne. In abin da kike so yaro ya riƙa dawowa da hoto mai kyau duk sati ki ɗora a status, ko kina neman inda za a ba da satifiket, ba nan ba ne, za ki yi fushi tun watan farko kamar yadda na yi. Yaron da bai kai takwas ba ma ban ba da shawara ba, ba zai jure zaman tulu ba.

Mu dai mun biya na wata mai zuwa. Ki haɗa su da gorar ruwa babba da hula da takalmi rufaffe saboda ƙaya, ki ba su abin kari mai nauyi, kar ki sa musu kayan kirki don gawayin nan ba ya fita da wanki ɗaya. Kilina kuma a bar ta a gida, namu guda huɗu suna cikin gwangwanin Baba har yanzu ya manta bai mayar ba.